Telolina biyu sun tashi: in sa sauran cikin jari?

Tambaya: Shekara 9 ina riƙe da shagon ɗinki. Manyan telolina biyu sun tashi sun buɗe nasu, wasu kwastomomi sun bi su. Ina tunanin in sa sauran ukun cikin jari mu riƙa raba riba, don kada su ma su tafi. Ya kake gani?

Amsa: Malam, na san abin da ciwo, yaron da ka koya wa riƙon almakashi ya zama abokin gasarka. Amma kada fargaba ta sa ka raba shagon da gaggawa.

Zan ba ka misali daga Amurka. Bill Monroe, makaɗi ɗan jihar Kentucky, ya kafa ƙungiyar Blue Grass Boys, wadda daga sunanta aka samo sunan kiɗan bluegrass. A 1948 gwanayensa biyu, Lester Flatt da Earl Scruggs, suka bar shi suka kafa tasu, Foggy Mountain Boys. Monroe ya ji haushi har ya shafe shekaru masu yawa ba ya yi musu magana. Duk da haka ƙungiyarsa ba ta mutu ba. Makaɗa sama da 150 suka shiga suka fita har ya rasu a 1996, domin suna nasa ne, salon kiɗan nasa ne, kowa ya zo a kansa yake hawa.

Su kuwa Flatt da Scruggs sun yi suna sosai, kamfanin fulawa na Martha White ma ya ɗauki nauyin shirinsu na rediyo. Da suka rabu a 1969, sunan da suka gina shekara 21 bai bi kowa ba, kowannensu sai da ya laƙa wa sabuwar ƙungiyarsa wani suna. Wannan ne nake jiye maka in ka sa sauran ukun cikin jari.

Ka fara zuwa Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ka yi wa sunan shagon rajista da sunanka. Yaran ukun kuma ka ba su kaso a kan kowane ɗinki da suka kammala, ka ƙara musu lokacin sallah, ba rabo a cikin shagon ba. Littafin awo da lambobin kwastomomi su zauna a hannunka, a kuma samu ɗan koyo a bayan kowane tela.

In har wata rana ka ga ɗaya daga cikinsu ya cancanci haɗin jari, ku zauna gaban shaidu ku rubuta: wa ke da sunan, wa ke da kekuna, kuma nawa za a biya wanda ya tashi. Waɗanda suka tafi kuwa, ka kai musu ziyara sabon shagonsu kafin azumi, don aikin sallah kan yi wa shago ɗaya yawa.