Tambaya da Amsa: Ina Son Idon Gundam Ɗina Ya Riƙa Haske

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke karatu a Malesiya ya kawo mini tsarabar Gundam, irin mutum-mutumin robar nan da ake harhaɗawa da hannu. A kwalin an rubuta MG 1/100. Na gama haɗa shi, yanzu ina son in sa masa fitilu a ido da ƙirji da hannuwa da bindiga da ƙafafu. Na ciro ƙwayayen LED daga wata tsohuwar tocila, kuma ina da batir mai bolt 9. Ta ina zan fara?
Ɗalibi, daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ya iya tsaraba. Kamfanin Bandai na Japan ya fara sayar da waɗannan kaya a 1980, shekara ɗaya bayan fitowar shirin zane mai motsi na Gundam a talbijin, kuma MG ɗin da ke hannunka (MG sunan ajinsa ne, 1/100 kuwa ma'aunin girmansa), mai tsayin kusan santimita 18, shi ya fi daɗin wannan aiki. Ƙaramin, wato HG 1/144, matsi ya yi masa yawa.

Da farko mayar da batirin nan aljihu. Farin ƙwai ko shuɗi bolt 3 yake bukata, ja kuwa kamar bolt 2. Ka jona shi kai tsaye da bolt 9, walƙiya ɗaya zai yi ya ƙone. Ƙwayayen tocila ma ba za su shiga ba, domin kan MG bai wuce kan babban yatsanka ba. Nemi ƙananan nan da ake kira SMD, lamba 0603 ko 0402, waɗanda suke zuwa da siririyar waya a manne. Na 0402 tsawonsa milimita 1 ne kacal, don haka kada ka ce kai za ka yi masa dalma. Idan ba ka samu mai waya ba, kai wa mai gyaran wayar salula; wannan aikinsu ne na kullum, kuma suna da siririyar wayar jamfa da ta dace.

Sai maganar wurare biyar da ka lissafa. Shawarata ka tsaya a ido da ƙirji. Duk fitilar da ka sa a hannu ko ƙafa, dole wayarta ta ratsa kafaɗa da gwiwar hannu, ko ƙugu da gwiwa, kuma waɗannan gaɓoɓi an yi su ne don su lanƙwashe. Kana gyara masa tsayuwa sau kaɗan wayar za ta tsinke a can ciki inda sai ka warware komai kafin ka kai gare ta. Daga kai zuwa ƙirji kuwa wuya kawai za ka ratsa. Duba takardar haɗin ma tukuna: wasu MG an bar musu gurbi a ƙirji don fitilar da Bandai ke sayarwa daban, mai amfani da batir LR41 guda biyu. In naka yana da gurbin, rabin wahalar ta tafi.

Wutar kuma, na fi son a ɗauko ta daga cajar waya ko fawa banki, bolt 5, a zuro wayar ta bayan ƙugu zuwa gindin da ake tsayar da shi a kai. Kowane ƙwai ka ba shi razistarsa, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwan, wanda ake auna shi da om. Lissafin ba wuya: cire bolt 3 na farin ƙwai daga bolt 5 na caja, saura 2, ka raba da amfiya 0.01, wato yawan wutar da za ka bari ta ratsa ƙwan, ka samu om 200, sai ka sayi mai 220. Jan ƙwai, mai 330. Ni dai har mai om 1,000 nakan sa wa ido, saboda hasken da ya yi yawa yana cinye siffar fuskar, a hoto sai ka ga farin tabo kawai.

Inda ake gane gwani shi ne toshe haske. Robar Gundam, musamman fara, haske yana ratsa ta, sai ka kunna ka ga kan gaba ɗaya yana ƙyalli har da kumatu. Buɗe kan, ka shafa baƙin fenti a cikinsa, ya bushe, ka ƙara, sannan ka bi da ruwan azurfa ko fari don ya maido hasken wajen ido. Ɓare sitikar da ka liƙa a idon, domin ita ma toshe haske take yi. A ƙarƙashinta roba ce garau. Ka baƙanta kewayen, ka bar ƙwayar idon biyu kaɗai. Kafin ka rufe, shiga ɗaki mai duhu ka kunna, duk inda ka ga haske na tsiyaya ta tsaga ka ƙara fenti. Fenti mai narkewa da ruwa za ka yi amfani da shi, don mai tina yana sa robar gaɓoɓi ta tsage.

Hanyar waya ka huda ta da ɗan abin hudar da ake murzawa da yatsu, bakin milimita 1. Na lantarki narkar da robar yake yi. Haka ƙarfen dalma: gama duk haɗin wayarka a kan tebur, ka gwada, sannan ka kawo shi kusa da robar. Kuma kada sufa gulu ya kusanci idon, tururinsa yana bar wa roba garau farin hazo da ba ya goguwa. Ɗigon farin gam na katako ya isa ya riƙe ƙwan.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 12 yana son irin wannan aiki, amma ba na son ya taɓa soket. Akwai wata hanya?
Wata uwa, daga Maraɗi.

AMSA: Akwai, Hajiya. Batirin nan mai faɗi, CR2032, bolt 3 ne, yana kunna farin ƙwai ɗaya ba tare da dalma ba: doguwar ƙafar ƙwan a gefen da ke da alamar +, gajeriyar a ɗaya gefen, a naɗe da salatif. Sai dai ki sa ido sosai idan akwai ƙannensa ƙanana a gida. Yaron da ya haɗiye irin wannan batir, cikin awa biyu yana iya ƙona masa maƙoshi, kuma asibiti za a nufa nan take ko da bai nuna alamar ciwo ba.