Biki da anko a Ikko: amsa ga ɗiyar ƙanena

Assalamu alaikum 'yata. Ina gajiya, ya maigidan naki, ya yaran? Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, sau biyu na saurare shi. Ban amsa da murya ba don na san halina, in na fara zance sai in shiga ta Zariya in ɓullo ta Sakkwato. Shi ya sa na zaunar da jikana, ina faɗa yana rubutawa.

Kin ce cikin wata guda an kawo miki anko biyu, ga kuma suna a gidan matar da ta kawo miki turmin atamfa da 'yan kuɗi lokacin da kika haihu. Kin ce abin da maigidanki ke bari na cefane da ƙyar yake kai ku dare. Kina tambaya ko al'ada ta wajabta a ninka abin da aka kawo wa mutum, ko rashin ɗinka anko yanke zumunci ne, har kina tunanin taɓa kuɗin hayar da kuke tarawa ki mayar daga baya.

Wannan na ƙarshen zan fara kashewa. Kada ki taɓa kuɗin haya, ko da ƙwandala. Ni na taɓa, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Lokacin Babangida ne, bayan an shigo da shirin gyaran tattalin arzikin nan da ake kira SAP a 1986, kaya suna tashi kullum kamar farashin zai taɓo sama. Wata ƙawata ta aurar da 'yarta, ni kuwa na ce ba za a raina ni a Agege ba. Na kwashi kuɗin da maigidana marigayi Malam ya ba ni ajiya na ninka mata bikinta, na ɗinka abin da ake ɗinkawa, aka yi guɗa aka ce wance ta yi bajinta. Wata biyu bayan nan mai gidan da muke haya ya zo. Bai yi dogon zance ba, ƙofar ɗakinmu ya sa aka ɓalle, ana tsakiyar damina. Kwana huɗu muka yi da zani a matsayin ƙyaure. Cikin matan da suka yi mini guɗa babu wadda ta san an yi, don kunya ta hana ni faɗa. Keken ɗinkina na sayar aka mayar da ƙofar. Malam bai ɗaga murya ba, Allah Ya jiƙansa, amma shirun da ya yi ya fi mini duka ciwo.

To, batun biki. Ku yaran yanzu kun tarar da shi ya zama kaya a ka, shi ya sa kuke zaton haka aka ƙirƙire shi. Asalinsa dabarar talaka ce. Iyayenmu mata suna cikin kulle, ba banki, ba albashi, sai ɗan abin da aka samu a kaɗi, ko dakau, ko fura da ƙosai da yara ke kai wa talla. Mace ba ta iya tara abin da zai yi mata hidimar aure ko suna a lokaci guda. Sai ta riƙa ajiye kuɗinta a hannun 'yan'uwanta mata: yau ta kai wa wannan sule, gobe ta kai wa waccan, ranar da nata sha'anin ya taso duk su dawo mata a yini ɗaya. Ajiya ce da aka lulluɓe da zumunci. Ninkin gaskiya ne, ana yi, amma abin da ba a gaya muku ba shi ne yana da iyaka. In ya hau ya hau har ya fi ƙarfin ɗaya daga ciki, sai ta mayar da daidai abin da aka kawo mata, ko su koma ƙasa su sake farawa, kuma ba wadda ke jin an ci mata fuska. Sannan ba da kowa ake biki ba. Kakarki mata ƙalilan ne abokan bikinta, ta san su, ta san ƙarfinsu, sun san nata. Yanzu kuwa duk wadda ta samu lambar wayarki ta jefa ki cikin zauren WhatsApp ta zama abokiyar biki. Wannan ba al'adarmu ba ce, sabon abu ne ya ari rigarta.

Ki kuma yi wannan lissafin, don na ga ba kowa ke yin sa ba. Atamfar da matar nan ta kawo miki, nawa take a lokacin, nawa take yau? Kin haihu kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000, kuma duk abin da ke hawa mota ya bi ta. In kika mayar mata da atamfa irin tata a yau, ai kin riga kin ninka, kasuwa ta yi miki ninkin. Mace mai hankali ta san haka. In ma atamfar ta gagara, ki kai abin da ya sawwaƙa: sabulu, kayan jariri, gero da kanwa na kunun mai jego. Ki shiga ɗaki ki same ta ita kaɗai, ki ce mata, "Yaya, ga wannan, sauran yana wuyana, in Allah Ya buɗa zan cika." Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a yi shiru a ɓuya, ranar suna a ce ba ki da lafiya, washegari a gan ki a kasuwa.

Anko kuwa, bari in gaya miki, nan muka tarar da shi. Yarbawa ne masu abinsu, suna ce masa aso ebi, wato tufar dangi, kuma a wurinsu yana da ma'ana da tsari. A ƙuruciyata a gida, ranar biki kowace mace akwatinta take buɗewa ta ɗauko mafi kyawun abin da take da shi. Ba na zagin anko, yana ƙawata taro, ni ma na sa ba sau ɗaya ba. Amma ba farilla ba ne, ba sunna ba, ba ma tsohuwar al'ada ba. Kuma kin sani na sani, wasu masu bikin suna ɗora riba a kan kowane yadi, da kuɗin ankon ake biyan wurin taro. Kayan da zai cinye cefanen kwana goma, ga kuɗin tela, a sa shi yini ɗaya a jefa a akwati, mai ɗaki ɗaya a Idi-Araba ba ta da wannan sararin. Cikin biyun nan, wanda ya fi kusa da ke ki nemi ɗankwalin kawai in ana rabawa, ki ɗaura a kan kayan da launinsu ya yi kusa. Ɗayan ki ba da haƙuri tun yanzu, kafin a yanka da sunanki. Ranar bikin ki yi sammako, ki kama yankan albasa, ki tuƙa tuwo, ki tsaya har a wanke tukwane. Zumunta a ƙafa take. Uwar biki tana iya manta wadda ta sa leshi, amma ba ta manta wadda hayaƙi ya sa ta hawaye a bakin murhunta.

Sai maganar cefane, wadda ita ce ainihin ciwon, biki dai ya fama shi ne kawai. Ci da sha da wurin kwana a wuyan miji suke, addini ya faɗa, al'ada ta bi. Amma ayar da ta ɗora masa ita ce ta sassauta masa. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, an ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Maigidan nan naki na san shi ba malalaci ba ne. Acaɓa yake yi har gwamnatin Legas ta hana a 2022, aka fara da ƙananan hukumomi shida, daga baya hanin ya iso Mushin, yankinku. Ya koma tuƙa keke napep na wani, kullum sai ya cire balas, wato kuɗin mai keken, da kuɗin mai da na 'yan tasha kafin ya ga nasa. Ko ma'aikacin gwamnati, da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Legas ta ce 85,000, a ƙarshen 2024 ɗin kuɗin buhun shinkafa ɗaya ya kai ya lashe shi duka. Saboda haka kada ki tare shi da maganar a bakin ƙofa yana shigowa da gajiya, kada kuma a gaban yara, balle a gidan haya inda bango ke da kunne. Bayan ya ci abinci ku zauna ku baje lissafi. Abin da kika ƙara daga kitsonki kyauta ce da lada, ba dole ba, kuma ya kamata ya san kina ƙarawa. Matan da ke cikawa a ɓoye su ne ke wayar gari miji na zaton kuɗinsa na isa har da saura.

Ki roƙe shi abu ɗaya: maimakon ya riƙa ba ki na kullum duka, a ware wani abu a sayi tsaba a dunƙule. Sayen derika (gwangwanin awo) ɗaya yau, derika ɗaya gobe, shi ke cinye talaka a garin nan, don kowane ɗan awo da ribar mai shago a kansa. Mu a gidanmu mata huɗu muke haɗa kuɗi, ɗaya ta tafi kasuwar Mile 12 da sassafe lokacin da ake sauke kaya daga manyan motocin Arewa, ta sayo kwandon tumatir da tattasai da albasa, a dawo a raba a tsakar gida. Kuɗin mota na mutum ɗaya, ciniki na sari. Ki lura da lokaci kuma. Da rani, in kayan lambun Kano da Kaduna da Katsina suka sauko, tumatir kan yi araha. Lokacin ake saye da yawa, a markaɗa, a tafasa har ruwan ya ƙone, a zuba a kwalba a rufe bakin da mai. In damina ta kankama ya zama zinariya, sai ki bar shi ga masu hali. Shanya ba ta yi a nan, laimar Ikko ruɓar da kaya take yi, don haka kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa daga gida ake aiko su. Ki ce wa mahaifiyarki ta ba direbobin da ke zuwa Agege, ni ta haka nawa ke zuwa shekara da shekaru. Gidan da ke da kuka da daddawa da garin masara ba ya kwana da yunwa, sai dai yara su yi ƙorafi. Nama ba sai tsoka ba: ƙashi da kayan ciki daga mayankar Oko-Oba suna ba miya ɗanɗano, ganda ma tana rufa asiri. Wake ki jiƙa shi tun dare ki jefa 'yar kanwa, rabin gas ko gawayin da yake ci zai ragu.

Kada ki ɗauka wannan ne karon farko da gari ya yi zafi. Na ga tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari a 1982. Na bi layin madara da sukari da sabulu a 1984 da goyo a bayana, soja na tsaye da bulala. Kowane karo mutane sun ce ba a taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda na ga sun fita da mutuncinsu su ne masu adashe ƙarami da ba ya karya su, wajen uwar adashen da aka san gidanta da danginta. Ki shiga guda ɗaya, na haya kawai, ki nemi kwasarki ta faɗo wata guda kafin hayar ta cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu ba da bashi ta waya kuwa ki guje su kamar wuta, na ga yadda suke aika wa duk mutanen da ke wayar mutum saƙon tozarci a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai al'ada ɗaya da ban yarda ki rage ba ko gari ya kai ina, ita ce kwanon maƙwabta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta, ya kuma ce kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Ki duba, ruwa aka ce a ƙara, ba nama ba. Bayarabiyar da ke ɗakin da ke kallon nawa, shekara nawa ina miƙa mata tuwo da miyar kuka tana miƙo mini amala. Daren da ciwon Malam ya tashi, ɗanta ne ya nemo mota ƙarfe biyu na dare, ita ta kwana da yarana. Ba ta taɓa sayen ankona ba, ni ma ban taɓa sayen nata ba.

Mutanen gida kuma, da ke zaton duk wanda ke Ikko shebur yake kwasar kuɗi da shi, wannan ki bar mini. Zan kira ƙanen nawa in gaya masa ya daina aiko muku da baƙi ba sanarwa, ɗaki ɗaya ne, kuma ruwan wanka ma a wajen mai kura kuke saye jarka jarka.

In kin samu sarari cikin makon nan ki zo. Kada ki biyo motar haya ta danfo ki ƙone kuɗi a cunkoson Oshodi, ki hau jirgin ƙasan nan daga Mushin ki sauka a Agege, jikana zai tare ki a tasha. Akwai turmin atamfa a ƙasan akwatina da aka kawo mini tun wata Sallah, ban ko warware shi ba, launinsa na yara ne, ba na tsohuwa ba. Ki kai wa mai jegon. Ki taho da roba mai murfi, daddawata ta iso makon jiya, tana da yawa. Ki gaishe da maigidan naki, ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonki, daga Agege.