Dalilin da tsuntsaye suka ƙi sauka a lambunka

Ɗan'uwa, ka ce ka zuba hatsi amma tsuntsaye sun ƙi zuwa. A ganina ruwa ya fi hatsi jawo su. Sa faranti mai faɗi, zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5, ka riƙa canzawa kullum saboda sauro da cuta.

Tsuntsu ba ya sakin jiki inda babu mafaka. Ajiye abincin kusa da bishiya, amma a sama, inda kyanwa ba za ta yi masa kwanton ɓauna ba. Gero da tsakin masara sun wadatar. Banda abu mai gishiri, banda gyaɗar da ta yi fumfuna, gubarta tana kashe su. Kallo kuwa da sassafe ya fi, ka rage motsi. Wani lokaci sai an yi makonni kafin su saba da wurin.