Idan Tiredin Bakin Salansa Ya Cinye

Jiya muna rufe gareji ka tambaye ni game da tsohuwar Norton Commando ɗin nan, babur ɗin da aka kawo mana. Ka ce notin salansarta sai juyawa yake ba ya kamawa, ko ka naɗa masa siririyar waya ka shafa gam ka ɗaure. A'a, ɗana. Ajiye sifanar nan tukuna.

Ka saba da Boxer da Jincheng, inda bol biyu ke riƙe bakin salansa, in ɗaya ya karye a huda a fitar a sa sabo. Ita wannan ƙirar Ingila ce, wadda aka riƙa yi daga 1968 zuwa 1977, kuma a cikin naman kan injin aka yanka tiredin, wato zaren da noti ke bi yana shiga. Wani ƙaton noti mai fuka-fukai ne ke shiga ya danne bututun. Kan injin alminiyam ne, notin kuwa ƙarfe. In zafi ya kama su, alminiyam yakan buɗe kusan ninki biyun yadda ƙarfe ke buɗewa, sai notin ya ɗan saki. Ga injin a kan roba yake zaune, kullum cikin girgiza. Notin da ya saki shi ke ta bugun tiredin a hankali har ya niƙe shi. Sa yatsanka cikin ramin ka shafo. Ka ga wannan toka mai ƙyalli? Tiredin ke nan.

Fara wanke ramin da kananzir da burushi, ka haska da tocila. In zagaye biyu ko uku na baki kawai suka lotse, na ciki suna nan da kaifinsu, a bi da tap, wato ƙarfen yanka tiredi, daidai girmansa a gyara. In duk sun shafe, sai a sauke kan injin a kai wa mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe.

Wasu za su ce maka a cike da walda a sake yanka. Ana yi, amma ni ba na so. Tsohon alminiyam ya sha mai da hayaƙi shekara da shekaru, walda tana taɓa shi sai ya yi ta kumfa, ya bar ramuka a ciki. Kuma wurin yana dab da mazaunin bawul. Ina saurayi na taɓa kai wani kan inji aka yi masa haka, fuskarsa ta karkace, mazaunin bawul ya saki. Ranar da na gaya wa mai babur ɗin, wallahi ban iya kallon idonsa ba, don irin wannan kan ba a samunsa a kasuwa.

Abin da nake yi shi ne a faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi mai girma, a ƙera zoben tagulla mai tiredi ciki da waje. A ɗumama kan injin gaba ɗaya, ba gefe guda ba, har ɗigon ruwa ya yi tsalle a kansa, a murza zoben ya zauna, a sa masa ɗan fin don kada ya biyo noti ya fito. Ka lura, bakin ramin a karkace yake. In mai tana bai ɗaure kan daidai da karkatar ba, bututun ba zai taɓa zama ba, hayaƙi zai ta tsiyaya. Saboda haka ka tafi masa da notin da bututun, a gwada a gabanka.

Wajen haɗawa, sabon gaskit, giris mai jan ƙarfe a kan tiredin, kuma da hannu za ka fara murza notin. In ya cije tun farko, koma baya. Ka tayar da inji ya yi zafi, ka ƙara ɗaurewa, sannan ka ɗaure notin da waya don kada ya juya.

Gobe da safe ka kwance tanki da kafireto kafin in iso, mu sauke kan tare.