Taiga Bab Sun Yage Wutsiyar Gofina

Tambaya: Malam, na sayi kifayen ado uku masu ratsin baƙi huɗu da ake kira taiga bab, na haɗa su da gofi, ƙananan kifayen ado masu doguwar wutsiya, a tankin gilashi mai lita 40. Cikin mako biyu sun yayyage wutsiyoyin gofin. Me zan yi?
Wani mai karatu daga Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, yawansu ne bai kai ba. Taiga bab asalinsa daga tsibiran Sumatra da Borneo ne, kuma a garke yake rayuwa. Idan suna da yawa, junansu suke ta kora suna gwada ƙwanji. Idan sun yi kaɗan, sai su huce a kan maƙwabta. Ni ma da huɗu na fara. Wata safiya na tarar da gofina a laɓe bayan injin tace ruwa, wutsiyarsa kamar tsumma, ko abinci ya ƙi fitowa ci. Abin ya tsaya mini a rai.

Ka ajiye aƙalla takwas. Kowanne yana kai santimita 6 zuwa 7, don haka lita 40 ta yi musu kaɗan. Nemi tanki mai lita 110 ko sama, kuma ka fi duba tsawonsa, wajen santimita 80 zuwa 90, domin gudu suke so.

Gofin kuwa ka raba su yau ɗin nan. Duk kifi mai doguwar wutsiya da tafiya a hankali, kamar beta da enjel, kada ya zauna da su. Idan hunturu ya shigo, sa hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ta riƙe ruwan a digiri 24 zuwa 26.