Kaduna ta canza, amma ka duba hanya kafin ka kama haya

Malam, kana tambaya ko ka kama gida a Rigasa ko Millennium City tunda ka dade baka gari. Gaskiya Kadunan da ka sani ta canza, tun 2019 da gwamnatin El-Rufa'i ta fara aikin sabunta birni an fadada tituna da yawa, an sake gadar Kawo, cunkoson wajen ya ragu sosai.

In kana yawan zuwa Abuja to Rigasa, tashar jirgin kasa tana nan tun 2016, sai dai unguwar ta cika makil kuma lungunan ciki da damina sai hakuri. Millennium City akwai fili da iska amma in baka da mota kudin keke napep zai cinye maka albashi wallahi. Ni dai da iyali da mota, can zan zaba.