Amsa: Kayan sawa don tafiya kan dusar ƙanƙara a Kananaskis

Ɗan'uwa, tunda ka ce dajin Kananaskis da ke ƙasar Kanada za ku shiga da faffaɗan takalman nan na taka dusar ƙanƙara, kuma kana tambayar me za ka sa, to fara da cire auduga daga lissafi. Singileti da wandon jins, bar su a gida. Auduga in ta sha gumi ba ta saurin bushewa. Kuna tsayawa hutu za ka ji ta manne maka a baya, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Sa rigar ulu a ciki, ka ɗora suwaita mai laushi, sannan jaket mai tare iska da ruwa. Babbar jaket mai kauri kuwa a jaka take zama sai an tsaya. Fara tafiya kana ɗan jin sanyi, hawan tudu zai ɗumama ka.

Takalman faɗin ana zaɓarsu ne bisa nauyinka haɗe da jakarka. Mai jiki a dusar ƙanƙara mai laushi takalmi mai tsawon inci 30 yake so, ba 25 ba. Ni na fi son masu haƙoran ƙarfe da abin ɗaga dunduniya, irin na kamfanin MSR. Kar ka saya tukuna, a Calgary, birnin da ke kusa da dajin, ana ba da haya.

Safar hannu mai haɗe yatsu ta fi ɗumi. Wayarka a aljihun ciki, sanyi na kashe batir.

In hanyar tana bi ta ƙarƙashin gangare, duba hasashen Avalanche Canada, ƙungiyar da ke gargaɗi kan zaftarewar dusar ƙanƙara, kafin ku fita. Ba a shiga irin wurin sai da na'urar nemo mutumin da dusar ƙanƙara ta binne, da sandar bincike, da shebur, da horon amfani da su.